MA'AUNIN KYAU DA MUNI: WAƘA DA SHARHINTA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci mutane ƙabila ƙabila da harsuna dabam dabam, bai kuwa bar su sakaka ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, Allah ya datar da ni da kai, ka sani wannan darasi a kan mas'ala guda ya ke, watau: shin kyau da muni abubuwa ne tabbatattu, ko kuwa kowace ƙabila da nata, kowane addini da nasa, kowace zuciya da abin da ta ga dama? Na tsara amsar cikin 'yan baitoci don sauƙin hardacewa ga almajirai, na kuma bi kowane baiti da sharhi gwargwadon abin da Allah ya sawwaƙe.

Da sunan Ta'ala na ke fara zance,
Salati ga Manzo, fiyayye ga kowa.

Matashi a Kokoro ya zo da hujja,
Ya ce kyau da muni ɗiyan sabawa.

SHARHI

Dalilin wannan waƙa shi ne, wani saurayi daga cikin masu ɗaukar karatu a zaurena, a nan unguwar Kokoro ta Kilomita Biyar cikin birnin Bangi, ya tsaya bayan sallar Lisha har kowa ya watse. Ya ce, "Allah gafarta Malam, gidan da mu ke ciki ni da mahaifiyata ba namu ba ne. Na wani Kirista ne da ya gudu a 2014. Yanzu ɗansa ya zo da takardu yana nema. Mu kuwa namu gidan yana wata unguwa, waɗansu na zaune ciki, mahaifina kuma a ƙofarsa aka kashe shi. Su a ganinsu abin da suka yi mana daidai ne. Ni ma a ganina abin da na yi daidai ne, zuciyata ba ta dame ni ba. Ashe ba kowa da ma'auninsa ba?"

Ban yi masa faɗa ba, domin wanda wuta ta ƙona ba a yi masa gorin tabo. Amma don mai karatu na nesa ya gane inda maganar ta fito, ga abin da ya faru a taƙaice. Ran 24 ga Maris 2013 mayaƙan Seleka suka kama Bangi, shugaba François Bozizé ya gudu, Michel Djotodia ya hau. Mafi yawan mayaƙan nan Musulmi ne, sun kuwa yi kisa da kwasar dukiya a cikin jama'a, ba mu da halin musun wannan. Ran 5 ga Disamba na shekarar 'yan Anti-balaka suka afka wa birnin, daga nan aka shiga farautar Musulmi gida gida. Djotodia ya sauka a Janairu 2014, dubban Musulmi suka fice zuwa Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage a Bangi suka takure a Kilomita Biyar. A 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta ce cikin masallatai 436 na ƙasar an rushe 417. Kiristocin da ke maƙwabtaka da mu su ma suka watse, da yawansu suka tare a filin jirgin sama na M'Poko. To, cikin wannan toka tambayar yaron ta tsiro.

Ka bar wa ƙabila tufa da abinci,
Da gaisuwa, su ne su ke sauyawa.

SHARHI

Ka sani, ya ɗan'uwa, cikin maganar yaron nan akwai gaskiya, wajibi ne kuwa a ba gaskiya haƙƙinta ko daga bakin wa ta fito. Abubuwa da yawa da mutane ke kira kyau ko muni al'ada ce kurum ta haife su. Mu Hausawa muna cin fara muna tanɗe yatsa, amma in damina ta yi muka ga maƙwabtanmu suna sayen tsutsar da su ke kira makongo a kasuwa sai mu kau da kai, alhali su a wurinsu abinci ne mai daraja. Mu tuwo, su gozo na rogo da miyar ganyen koko. Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗanta na fari don kunya, wata kuwa a wata ƙabila in ta yi haka sai a ce ba ta son ɗanta. A wurinmu yaro yakan durƙusa ya sunkuyar da kai gaban babba, a Faransa kuwa wanda bai dubi idon mai yi masa magana ba sai a zarge shi da rashin gaskiya. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.

Shari'a ba ta jahilci wannan ba. Malaman Malikiyya sun ba al'ada, wadda su ke kira urfu, matsayi babba. Imamu Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 ta Hijira, ya bayyana cikin littafinsa Al-Furuƙ cewa hukuncin da aka gina kan al'ada yana juyawa in al'adar ta juya, ya kuma gargaɗi mai fatawa da ya tambayi baƙo al'adar garinsu kafin ya ba shi amsa. Imamu Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 790, ya kawo misalin barin kai ba hula cikin Al-Muwafaƙat: a ƙasashen gabas abin zubar da mutunci ne, a ƙasashen yamma kuwa ba kome ba ne, saboda haka hukuncinsa ya bambanta. Haka yawan sadaki, da abin da ya isa ciyar da iyali, da lafuzan ciniki, duka a kan koma ga abin da mutanen wuri suka saba.

Amma al'ada tana da iyaka. Larabawan Jahiliyya waɗansunsu sun saba binne 'ya mace da rai, Alƙur'ani ya tsoratar a kan wannan cikin Suratut Takwir, bai karɓi uzurin sabo ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya soki malaman zamaninsa cikin Nurul Albab saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ko da ya ke abin da aka tarar ke nan. Da a ce al'ada ita ce alƙali na ƙarshe, da babu mai gyara da zai taɓa zama mai gaskiya, domin kowane mai gyara saɓa wa al'adar mutanensa ya ke yi. Sabo turken wawa.

Uwar da ke Sango, uwar da ke Hausa,
Hawaye iri ɗai su ke zubarwa.

SHARHI

Masu cewa kome al'ada ne ba yau suka fara ba. Wani masanin tarihi na Yunan, Hirodotus, wanda ya rayu wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin Dariyus sarkin Farisa. Sarkin ya tara Yunanawa, masu ƙone gawar iyayensu, ya tambaye su nawa zai ba su su ci naman gawar. Suka ce ko nawa ne ba su yi. Ya kirawo wata ƙabila ta Hindu masu cin gawar iyayensu, ya tambaye su nawa zai ba su su ƙone ta. Suka yi kururuwa suka roƙe shi ya bar wannan mugun zance. Daga nan mai tarihin ya yanke cewa al'ada ke mulkin mutane.

To, ka sake duban labarin da kyau. Me ya sa ɓangarorin biyu suka firgita? Domin kowannensu yana ganin an nemi ya wulaƙanta mahaifinsa. Sun saɓa a kan yadda a ke girmama mamaci, sun haɗu a kan cewa girmama shi wajibi ne. Saɓanin yana a reshe, tushen kuwa ɗaya ne.

Mun ga irin wannan da idonmu, gani kuwa ya kori ji. Maƙabartar Musulmi tana unguwar Boeing, kusa da filin jirgi. Tun ƙarshen 2013 hanyarta ta toshe mana, wanda ya rasu sai a rasa inda za a kai shi. A watan Fabrairu 2016 mutanen Boeing da na Kilomita Biyar suka sa hannu a yarjejeniyar barin kai wa juna hari, aka buɗe hanyar maƙabarta. Mutanen Boeing ba su yin likkafani da lahadu irin namu, amma ba su bukaci a karanta musu Risala ba kafin su gane hana mutum binne uwarsa mugun abu ne.

Hujjatul Islam Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya ƙididdige abubuwa biyar cikin Al-Mustasfa waɗanda Shari'a ta zo don tsare su: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Ya kuma nuna babu wata shari'a da aka nufi gyaran mutane da ita wadda za ta wofintar da su. Ka bincika ƙabilun ƙasar nan, Gbaya da Banda da Yakoma da Ngbaka da Fulani da Hausawa da Larabawa, ba za ka sami wadda ke yabon mai cin amana ba, ko mai kashe baƙon da ya sauka gidansa, ko mai shaidar zur. Barthélemy Boganda, jagoran neman 'yancin ƙasar nan wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1959, ya bar wa mutanensa kalma uku na Sango da ke rubuce a tambarin ƙasa, Zo kwe zo, ma'ana kowane mutum mutum ne. Shi ba Musulmi ba ne, amma wane malami ne zai ce maganar ƙarya ce?

Sa'an nan na ce wa yaron, "Ɗana, da ka ce an kashe mahaifinka, wane suna ka ba abin?" Ya ce, "Zalunci." Na ce, "In kowa da ma'auninsa, wanda ya kashe shi ya auna da nasa ya ga daidai ne, to da wane baki za ka kira shi azzalumi? Iyakar abin da za ka iya cewa shi ne abin bai yi maka daɗi ba, kamar yadda makongo ba ya yi maka daɗi. Ka yarda da haka?" Ya ce, "Har abada." Na ce, "Ashe kai ma ka san akwai ma'aunin da ke bisa kanka da kansa duka. Ba ya yiwuwa ka ɗauko shi ranar da aka cuce ka, ka rataye shi ranar da a ke bin ka."

Hankali ido ne, Shari'a haske,
In babu ɗayansu sai lalubawa.

SHARHI

Saura maganar addini. Malaman tauhidi sun yi doguwar muhawara a kan wannan babi, suna kiransa mas'alar tahsini da taƙbihi. Mu'utazilawa suka ce kyau da muni suna cikin aikin kansa, hankali yana iya gano su, mutum kuma abin kamawa ne a kansu ko manzo bai zo ba. Imamu Ash'ari, wanda ya rasu a 324, da mabiyansa suka ce lada da azaba ba su tabbata sai da Shari'a. Imamu Maturidi na Samarƙandu, wanda ya rasu a 333, da mutanensa suka tsaya tsakani: hankali yana riskar kyan waɗansu ayyuka da muninsu, amma mai hukunci Allah ne. Mu a ƙasashen Sudan tafarkin Ash'ari muka gada, ta hanyar littattafai irin su Ummul Barahin na Shaihu Sanusi.

A nan waɗansu almajirai ke zamewa. Sukan ce, tun da Shari'a ke sa abu ya zama kyakkyawa, to kowane addini da nasa kyakkyawan. Wannan kuwa rashin fahimta ne. Ash'arawa sun raba kalmar kyau gida uku. Na fari, kyau da ma'anar kamala, kamar ilimi, da muni da ma'anar tawaya, kamar jahilci. Na biyu, kyau da ma'anar abin da ya dace da ɗabi'a da amfanin mutum, kamar ceton wanda ruwa zai ci. Waɗannan biyu sun yarda hankali yana gane su. Na uku shi ne abin da a ke ba da lada ko azaba a kansa a Lahira, nan ne suka ce sai da Shari'a. Mai Shari'ar kuwa ɗaya ne, ba Ubangijin wata ƙabila ba ne ban da wata. Shari'o'in annabawa sun bambanta a alƙibla da abinci da yawan salla, amma babu annabin da ya halatta zalunci ko ƙarya ko cin amana.

Tarihin Manzon Allah (S.A.W.) ya isa shaida. Tun kafin a aiko shi ya halarci alkawarin nan na Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, inda waɗansu gidajen Ƙuraishawa suka yi rantsuwar tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, bayan annabci kuma ya yabi alkawarin. Da azaba ta tsananta ga sahabbai, ƙasar Habasha ya tura su, wurin Najjashi, sarki Kirista, saboda adalcinsa. Muɗ'imu ɗan Adiyyu ya ba shi mafaka da ya komo daga Ɗa'ifa, ya kuma mutu bai musulunta ba, amma Manzo bai manta alherinsa ba har bayan yaƙin Badar. Da a ce alherin wanda ba Musulmi ba ba alheri ba ne, da bai yi haka ba.

Mu ma muna da Najjashinmu. A Janairu 2014 wani limamin Katolika ɗan ƙasar Togo, Bernard Kinvi, ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a asibitin mishan na garin Bossemptélé, 'yan Anti-balaka suna yi masa barazana bai miƙa su ba. Liman Umar Kobine Layama, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2020, ya yi watanni yana zaune a gidan babban limamin Katolika na Bangi, Dieudonné Nzapalainga, su biyu da Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou suna zaga ƙasa suna kashe wuta. Ran 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Francis ya shigo har babban masallacinmu na Kudoku, a lokacin da shiga Kilomita Biyar ke da haɗari. Muna saɓa wa mutanen nan a aƙida, ba mu ɓoye wannan, amma wanda ya ce aikinsu ba alheri ba ne ya yi butulci.

Haka kuma muni ba ya zama kyau don mai yin sa yana salla. An buɗe wuta a kan masu ibada a cocin Fatima da ke bakin unguwarmu ran 28 ga Mayu 2014, aka sake ran 1 ga Mayu 2018, inda aka kashe limamin coci Albert Toungoumale-Baba tare da waɗansu da dama. Wannan ɓarna ce ko wa ya yi ta. Ƙungiyoyin samarin da suka ɗauki bindiga da sunan kare Kilomita Biyar daga baya suka koma karɓar haraji da ƙarfi daga 'yan kasuwa, har a Disamba 2019 'yan kasuwar suka tashi musu, aka yi asarar rayuka da kantuna. Mai ƙwacen Musulmi, wanda a ke yi wa Musulmi, ba kuwa wanda ya ce kowa da ma'auninsa a ranar.

Zuciya ma'auni, amma ka lura,
Tsatsa takan hana ta daidaitawa.

SHARHI

Yaron ya ce zuciyarsa ba ta dame shi ba. Gaskiya ne cikin hadisai arba'in da Imamu Nawawi ya tara akwai na Nawwasu ɗan Sam'ana da na Wabisatu ɗan Ma'abad, inda aka mai da mutum ga zuciyarsa, aka nuna masa alamar zunubi ita ce kai-kawo cikin ƙirji da ƙin kada mutane su gani. Wannan shi ne abin da waɗansu ke kira lamiri. Amma malamai sun yi tanbihi cewa wadda a ke nema wa fatawa ita ce zuciyar da aka tsarkake. Alƙur'ani ya ambaci rai iri uku: mai yawan umurni da mugunta cikin Suratu Yusuf, mai yawan zargin kansa cikin Suratul Ƙiyama, da natsattse cikin Suratul Fajri. Suratul Muɗaffifina kuwa, wadda ta fara da masu tauye mudu, ita ce ta ambaci tsatsar da ayyuka ke sa wa zukata.

Duk ɗan kasuwa ya san sikelin da ya yi tsatsa yana nuna nauyi, sai dai nauyin ƙarya ne. Fushi tsatsa ne, tsoro tsatsa ne, kwaɗayi da ƙabilanci haka. Wanda ya sare maƙwabcinsa da adda yana rataye da layu, shi ma ya kwana ya yi barci. Saboda haka shirun zuciya bai isa hujja ba. Don wannan malaman tasawwufi suka ɗora almajiri kan muhasaba, watau yi wa kai hisabi kowane dare, har a ke yi wa Harisu na Bagadaza, wanda ya rasu a 243, laƙabi da Muhasibi. Ga gwaji uku da na ke ba almajirai. Na ɗaya, in da kai aka yi wa abin, wane suna za ka ba shi? Na biyu, za ka so a faɗe shi gaban sahun Juma'a? Na uku, ka kai shi ga malami mai tsoron Allah wanda ba shi da rabo a ciki, ka ji abin da zai ce.

Kwanon da na sayo ya rufe ɗaki,
Ruwa in ya sauko ba na runtsawa.

SHARHI

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Don kada yaron ya zaci ina magana daga kan buzu ne kurum, na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa almajirai ba. Ni ma an kware rufin gidana a 2014, ba a bar ko ƙusa ba. Da ƙura ta lafa na komo a 2016, wani yaro ya turo kwanon rufi falle 12 a kura, ya sallama mini da abin da bai kai rabin kuɗinsu ba. Tun ana saukewa na ga shuɗin fenti a gefensu, na kuwa san shi. Na gidan wata tsohuwa ne Kirista, maƙwabciyarmu mai sayar da garin rogo, wadda ta kwana tana hura wutar ruwan zafi daren da aka haifi 'yata ta biyu. Na ce wa raina, ai ba ni na cire ba, ni da kuɗina na saya, nawa ma wani ya rufa ɗakinsa da su. Ka ga hujja uku, kowace da rawaninta.

Rani duka ban ji kome ba. Da damina ta kama, duk daren da ruwa ya bugi kwanon nan sai in farka, in tuna tsohuwar tana kwance ƙarƙashin leda a M'Poko. Ni ne kuwa na ke karantar da cewa wanda ya sayi kayan ƙwace yana sane hukuncinsa hukuncin mai ƙwace ne, abin da Hausawa ke kira ɓarawon zaune. Ni ne na ke karantar da cewa tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika da nadama kaɗai sai an mayar. Ilimin yana kai, tsatsa ta hana shi sauka ƙirji.

Bayan an tashi sansanin na neme ta har na same ta a gidan wani ɗanta. Na gaishe ta da Sango, na ce, "Mama, kwanonki yana kaina. Ko in kware in kawo miki, ko in biya kuɗin sabo." Ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta ce in biya a hankali, kada in bar yara cikin ruwa. Sa'an nan ta gaya mini wani jikanta ya taɓa kawo mata keken ɗinki daga gidan wani Musulmi, ta hana a shigar da shi ɗakinta. Na fito ina jin kunya, domin ita ba ta karanta Muhtasar ba, ta kuwa riga ni aiki da abin da ke ciki. Wata tara na yi ina biya.

Mai laifi shi kaɗai a ke nema,
Ba a kama ɗan garinsu don ramawa.

SHARHI

Ga hukuncin mas'alar yaron. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, ciki har da Suratul An'am da Suratun Najmi, cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin wani. Suratul Ma'ida kuma ta hana ƙiyayyar waɗansu mutane ta kai mu ga barin adalci. Mutumin da ya gudu ya bar gidan nan ba shi ya kashe mahaifin yaron ba, ba shi ke zaune a gidansu ba. Haɗuwarsu a addini ɗaya ba ta mai da shi mai lamuni. Shi maƙwabci ne da muka zauna da shi bisa amana, dukiyarsa haram ce a kanmu. Ka tuna a shekarar Hijira, 622 ta Miladiyya, Ƙuraishawa suna shirin kashe Manzo (S.A.W.), Muhajirai suna barin gidajensu a hannun masu ƙwacewa, duk da haka ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu. Haka da Mugiratu ɗan Shu'uba ya zo musulunta da dukiyar da ya samu ta hanyar yaudarar abokan tafiyarsa, aka karɓi musuluncinsa aka ƙi dukiyar.

Wannan ba ya nufin yaron ya bar haƙƙinsa. Gidansu nasa ne, ya bi shi ta hannun mai unguwa da dattawan ɓangarorin biyu da hukuma, mu kuma wajibinmu ne mu tsaya masa. Jinin mahaifinsa yana wuyan wanda ya zubar da shi. Ko a duniya an fara ganin hisabi: a Yuli 2025 kotun duniya ta Hague ta ɗaure shugabannin Anti-balaka biyu, Alfred Yekatom shekara 15 da Patrice-Edouard Ngaïssona shekara 12, tun 2022 kuma aka fara shari'ar Mahamat Said na Seleka a kotun. Wanda ya kuɓuce wa alƙalin duniya, akwai ranar da ba a ɓoyon cibi.

Na ce masa, "Ɗana, zamanku cikin gidan lokacin tsoro lalura ce, Allah ya san ta. Amma lalura ba ta mai da aro ya zama gado. Ka je ka sami ɗan mai gidan, ka nemi ya ba ku wa'adi ko ya sa muku haya, ni zan raka ka. In ya ƙi, zauren nan da ɗakin baya sun ishe ku kai da mahaifiyarka har Allah ya kawo mafita." Ya yi shiru yana tona ƙasa da yatsa, sa'an nan ya ce zai yi shawara da tsohuwarsa. Har ranar da na ke rubuta wannan bai kawo mini amsa ba, amma bai daina zuwa karatu ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa shi cikin addu'a.

Ya Rabbi nuna mana gaskiya sarai,
Ka ba mu bin ta har ranar komawa.

KAMMALAWA

Abin da almajiri zai riƙe huɗu ne. Al'ada tana hukunci a kan sura da reshe, muddin ba ta ci karo da nassi ba, don haka kada ka raina mutum saboda abincinsa ko gaisuwarsa. Tushen kyau da muni ɗaya ne ga 'yan Adam duka, hankali yana hango shi, Shari'a tana bayyana shi ta kuma ɗora masa sakamako. Alheri alheri ne ko daga wa ya fito, zalunci zalunci ne ko ɗan ɗakinku ya yi shi. Zuciya kuwa shaida ce, amma sai an wanke ta a ke karɓar shaidarta.

Abin da na dace a ciki daga Allah ne, abin da na kuskure daga gare ni ne, ina neman gafararsa, ina kuma roƙon malamai su gyara. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da waɗanda suka watse gidajensu, ya zaunar da Bangi da ƙasar Afirka ta Tsakiya lafiya, ya sa mu cika da imani. Allah shi ne mafi sani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.